Gurun Ɗantala da Allurar Yamai

"...Lahiya lau, Sa'a. Gwiwa kuwa garau, awa ta ɗan maraƙi!"

Haushi ya turnuƙe Sa'a. Ita ta raka taubashin nan nata Ɗantala, tsohon ɗan kokawar Tibiri, har Yamai, inda likita ya huda gwiwarsa ya zura 'yar kyamara ya gyara, sannan ya ɗirka allurar kashe zafi cikin gaɓar. Likitan ya ce allurar za ta sake shi, ya soma shan ƙwayoyi tun kafin nan. Amma gogan naka, yana dawowa ya watsar da su bayan rumbu, ya baje bisa tabarma yana gaya wa 'yan gaisuwa wai gurunsa na kokawa ne ya hana shi jin wuƙa.

"Guru? Kai da ka ga allura ka kama kiran innarka da ke kabari?"

"Kirari nike, baƙauya!"

"Kirari da hawaye? Gurun ma a jakata ya kwana, tare da daddawa."

"Daga nesa yake aiki. Ke mi kin sani, mai ƙafa awa muciya?"

"Muciyar ta kai ka Yamai ta maido ka, bawana."

"Bawanki? Gobe in shiga fili, in ɗauke ki da mijinki hannu guda!"

Ya yunƙura zai gwada mata. Sai ya daskare, gumi ya karyo masa. Allura ta yi sallama! Ga kuma muryoyin tsofaffin abokan karawarsa a ƙofar gida, sun zo ganin ikon guru. Nan tausayi ya kama Sa'a, don mutumin nan ba abin da ya rage masa sai suna.

"Sa'a," ya ce ƙasa-ƙasa, "bayan rumbun nan... kaji sun bi ta wurin?"

"Kira gurunka."

"'Yar kawu, don Allah."

"Wa ad da wani?"

"Ke ad da ni. Har akuyar can taki ta."

Ta kwance bakin zane, ga ƙwayoyin, tun ɗazu ta tsince su. Ta ba shi ya haɗiye, ta tura sauran ƙarƙashin gurun da ke damtsensa.

"To, yanzu ya samu abin aiki," in ji ta. Ta ɗaga murya: "Ku shigo ku ga zaki!"

Ɗantala ya yi dariya har da hawaye, rabinsu ba na dariya ba ne.