Ɗorin Gitar Ilu

Saura kwana uku Ilu, ƙanen matata, ya yi wasa a wani biki a Kona, wuyan gitarsa ya karye. Ya ce zai kai wa mai aikin katako a Tasawa. Na ce, "Ina nan? Ni da na ɗora ƙafar akuya har sau biyu?"

Na shafa ƙaro, na jera karan dawa, na ɗaure da tsumma, na shanya a rana kamar kilishi. Ko tsirkiyoyin ban sassauta ba.

Ranar biki muka kwance, wuya ya lanƙwashe kamar lauje. Ilu ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaya, akuyoyin nan suna tafiya kuwa?"

Har yau in kujera ta karye a gidan surukaina, sai ka ji an ce, "A ɓoye ta, ga Sarkin Ɗori nan."