Ranar da Sabon Yare Ya Kunyata Ni a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ranar da na tsaya a gaban malamai fiye da goma a Hayin Banki, gumi yana bin ƙeyata, ina tsine wa wani mutum a intanet. Amma bari in faro daga farko, don ku san ni na jawo wa kaina.

Ina aiki a sashen kwamfuta na wani ofishin gwamnati a Doka. Aikinmu rubuta manhaja, wato rubuta wa kwamfuta umarni da yaren da take ganewa. Kowa a sashen da tsohon yare yake aiki, yaren da ya girme ni, wanda in ka maƙale sai ka ɗaga kai kawai ka tambayi na kusa da kai. Ni kuwa a shekarar na gano wani sabon yare, ɗan shekara biyu da fitowa. (Ba zan kama sunansa ba, kada mu biyar ɗin da ke amfani da shi a duniya mu ɓata.) Tsakani da Allah yaren yana da kyau. Abin da za ka rubuta a layi ashirin, shi a layi huɗu ya gama. Na kamu sosai. Na zama mai wa'azinsa a ofis, har ta kai in na doso wurin cin abinci sai mutane su tuna suna da aiki.

Shugabar sashenmu, Hajiya Rabi, wadda ta kusa ritaya, ita kaɗai ke da haƙurin sauraro. Wata rana ta bari na gama zuba, sannan ta ce, "Ƙanena, yaren nan naka in ya ƙi, wa za ka kira?"

Na ce, "Hajiya, ai ba ya ƙi."

Ta ce, "To, Allah Ya sa," ta koma kan aikinta. A raina na ce tsufa ne.

A lokacin ina neman auren Safiya. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Malam, yana da makarantar Alƙur'ani a Hayin Banki. An kai gaisuwa, amma ba a sa rana ba, kuma na lura Malam bai gama yarda cewa ina da sana'a ba. Safiya ta tsegunta mini cewa in an tambaye shi aikina, cewa yake, "Danne-danne yake yi a ofis." Abin ya tsaya mini a rai. Don haka ranar da na je gaishe shi na ji ana maganar walimar sauka, ɗalibai talatin da biyu, da wanda za a ba aikin buga musu takardar shahada, sai na ji bakina ya riga ni.

"Allah gafarta Malam, a bar mini wannan. A gaban jama'a ma zan buga. Ana kiran sunan mutum, shahadarsa tana fitowa da ɗuminta."

Malam ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, Injiniya." (Ni ba injiniya ba ne, kuma shi ma ya sani.)

Ko kun yi tsammanin da tsohon yare na yi aikin? Ina! Da sabon nawa na zauna. Nan na ci karo da matsala ta farko. Shahadar da Larabci ake rubuta ta, daga dama zuwa hagu, haruffa suna haɗe da juna. A tsohon yare wasu bayin Allah sun daɗe da yin wannan aikin, ɗauka kawai za ka yi. A nawa kuwa babu wanda ya taɓa buƙatar hakan, don haka babu wanda ya yi. Na shiga zauren da masu yaren ke taimakon juna a intanet na rubuta tambaya. Mako guda shiru. Sai na duƙufa da kaina, kwana uku, har na yi wata dabara ta yi aiki. Na buga samfuri na kai wa Malam, ya duba ya gyaɗa kai. A ranar, da ƙyar na ga hanya saboda fankama.

Wata biyu suka wuce, ranar walima ta zo. Da safe ina shiri, kwamfuta ta nuna mini cewa sabon zubin yaren ya fito, an ƙara masa sauri. Yare ne matashi, kusan kowane mako sai masu shi sun sauya masa wani abu. Mai hankali zai ce a bari sai an gama walima. Ni dannawa na yi, don ina so malamai su ga sauri.

An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, iyaye sun cika layin. Aka ba ni tebur a gaba, dab da mai riƙe da lasifika, na jera kwamfuta da firinta kamar mai tallar magani. Ta ɓangaren mata na hango Safiya tana nuna ni wa ƙawayenta. Aka yi addu'a, aka kira ɗalibi na farko, Malam Haruna tela, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya shekara tara yana zuwa karatu bayan ya rufe shago. Ya taso cikin sabon ɗinki, idonsa har ya kawo ruwa. Na danna. Takarda ta fito, na miƙa wa Malam da hannu biyu ko dubawa ban yi ba.

Malam ya duba. Ya juya takardar ƙasa ta koma sama, ya sake dubawa. Ya miƙa wa wani dattijon alaramma da ke gefensa. Shi kuma ya kai ta kusa da hanci, ya nisantar, sannan ya ce, "Malam, wannan rubutun wace ƙasa ce?"

Na leƙa. Haruffan sun rabu, kowanne ya zauna shi kaɗai kamar an yi faɗa a gida, kuma daga hagu suka faro. Sunan Malam Haruna ya zama abin da ko mahaifiyarsa ba za ta gane ba. (Allah Ya rufa mini asiri ba a sa aya a jikin shahadar ba, da ban san inda zan sa kaina ba.) Sabon zubin ya share dabarata, ni kuma na manta yadda na yi ta.

Na ce, "Minti biyu, Allah gafarta Malam."

Na kira Hajiya Rabi. Tana wurin biki a Unguwar Sarki, ina jin kiɗa a bayanta. Ta ce, "Ƙanena, da a namu yaren ne, yanzu zan turo maka mutum uku. Wannan kuwa ai kai ne malaminsa a duk Kaduna."

Na shiga intanet na rubuta matsalar. Sakamako ɗaya tak ya fito, amma tambaya ce daidai da tawa, har da amsa a ƙarƙashinta. Na ce Alhamdu lillahi, na buɗe. Amsar layi ɗaya ce: "Na gano mafita, na gode." Shi ke nan. Bai faɗi mafitar ba. Raina ya ɓaci, na manta lasifika na kusa da bakina, na ce, "Wane irin mara tausayi ne wannan? Ka gano abu ka ƙi faɗa wa mutane! Allah Ya isa!"

Duk layin ya ji. Malam ya ce, "Wa ya cuce ka haka, Injiniya?"

Sai a lokacin na dubi sunan mai tambayar da na mai amsar. Duka nawa ne. Har da hotona, ina murmushi.

Na so in yi ƙarya, amma alaramman nan ya riga ya leƙo. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Ai kuwa kamar shi." Dariyar da aka yi, har ɓangaren mata, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Safiya ta rufe fuska da mayafi.

Malam bai yi dariya ba. Cewa ya yi a kawo tawada da alƙaluma, ya karɓi fararen takardun da na zo da su. Malamai shida suka tanƙwashe ƙafa, kowa ya ɗora takarda a gwiwa. In ɗaya ya yi shakkar yadda ake rubuta wani suna, sai ya tambayi na kusa da shi. Kafin azahar an gama duka talatin da biyu, kuma Malam Haruna ya rungume tasa yana kuka. Aikin da aka ba Injiniya shi ne ɗaukar takardun yana yi musu fifita su bushe.

Da jama'a suka watse na je na durƙusa, na tabbata aure ya tashi. Malam ya ce, "A nan in mai karatu ya maƙale a aya, mutum goma ne za su tuna masa. Kai naka karatun, in ka maƙale wa ke tuna maka?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ne, Allah gafarta Malam."

Ya ce, "Shi ma na ga bai tuna maka ba." Sannan ya yi murmushi, ya ce in gaya wa manyana su zo a sa rana, tunda aƙalla na iya fifita.

Har yau ina son yaren nan, amma yanzu na san kyau kaɗai ba ya tara wa yare jama'a. Mutane ba sa zuwa sai sun ga kayan aiki da wanda za su tambaya, kayan aikin kuma ba sa samuwa sai mutane sun zo. Na koma zauren na rubuta mafitar dalla-dalla, shafi guda cur, don kada wani ya sha abin da na sha. Shekara biyu ke nan, mutum ɗaya ne ya yi godiya a ƙarƙashinta, kuma daga wayar Safiya aka rubuta.