Lallen Bakin Ƙofa

A shekarar 1999 na fara ganin jikata Hidaya, ran sunanta, a nan gidanmu na unguwar Ƙurban, a ƙasa mai tsarki. Na ce ga amaryata, ta amsa da kuka. Yanzu ta gama karatun tsara lambu, ta zo gyara mini tsakar gida bisa wata hikimar mutanen Sin, wai feng shui. Da safe na tarar da ita riƙe da fartanya a gindin lallen da kakarta, matata marigayiya Fatna, ta dasa.

"Sannu da aiki, amarya. Kabarin wa ake haƙa?"

"Na tsohon miji, ya jaddi, kakana. Ka tashi lafiya? Haƙoran fa, sun tashi ko suna cikin kofi?"

"Ajiye fartanyar nan. Bokan Sin ne ya aiko ki?"

"Wallahi ba bokanci ba ne. Iska ce da inuwa da ruwa. Hanya ta lanƙwasa, kada komai ya shaƙe gida. Kai kuwa ka jera tumatir kamar sojoji."

"A makarantar mishan da igiya muke shuka. Layi ba ya karkata."

"Layin ya miƙe, bayanka ya karkace."

"Wannan bayan Ummanki ta hau har Masallacin Harami, marar kunya."

"Halas, shi ke nan, mun gode. Lallen nan dai yau zai tashi. Ya tare ƙofa, ga tsufa kamar mai gidan."

"Ki fara tumɓuke ni, na fi shi sauƙin cirewa."

Ta ɗaga fartanya da gaske. Sai na riƙe ƙotar.

"Tsaya. Ranar da muka tare a gidan nan, Fatna ta tsaya a titi ta hango har tukunyarta a madafa. Ta ce gida ba zaure ai tsirara yake. Filin gina zaure babu. Sai ta sa wata alhajiya ta kawo mata reshen lalle daga Zariya, naɗe a jiƙaƙƙen ɗankwali, ta dasa a nan. Ta ce ga zaurenmu, baƙo ya yi sallama ya kewayo."

Hidaya ta ajiye fartanyar. Ta fita titi, ta leƙo. Ta shigo, ta kewaya lallen a hankali, ganyen yana shafar kafaɗarta. Sai ta fashe da dariya, tana goge ido da bakin mayafi.

"Subhanallah! Abin da malamanmu suka koya mana ke nan, kada a hango cikin gida a miƙe daga ƙofa. Ashe Hajiya Fatna ta riga su."

"Ashe mutanen Sin ɗin nan Zage-zagi ne."

"Na sallama, tsoho. Ya zauna."

Ta yi wa gindinsa kwari don ya riƙe ruwa, ta jawo kujerata ta ajiye a inuwarsa.

"Yalla, maza, tsofaffin gida, ku zauna wuri ɗaya in riƙa shayar da ku tare."

"Fara da shi," na ce. "Ya fi ni aiki."