Rasuwar Ƙofar Raga Ana Gobe Biki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Esnart Chirwa, tela a Nkhata Bay, nake sanar da rasuwar ƙofar ragar shagona. Ta faɗi warwas yau da hantsi, rigar amarya Tiyamike fara fat na shimfiɗe a teburina, biki kuma gobe. Ina rubutun nan ido ɗaya na kan tafki, domin nkhungu sun tashi. Ƙudajen ruwan nan sun turnuƙe kamar hayaƙin gobara, iska tana koro su nan. In suka sauka a farin yadi, tabo da ƙarnin kifi sun zauna ke nan.

Marigayiya mai kunya ce, mai riƙon amana. Ta bar iska ta shigo, ta hana sauro. Ba ta taɓa barin wani ya faɗo mini shago babu sanarwa ba. "Ƙiiii," in ji ta, sannan "gaf!"

Ciwon ajalinta ya soma da damina. Kafaɗa ta sauka, ƙafa tana jan siminti, sai an ɗaga ta take rufuwa. Na ce a kira kafinta. Mijina Wyson ya ce, "Haba Maman Chikondi, ina raye? Waya ɗaya ce aikin."

Ya ɗaura wayar daga kusurwa zuwa kusurwa, ashe a juye, maimakon ta ɗaga ta sai danne ta take yi. Na ce, "Baban Chikondi, kuka take fa." Ya ce, "Warkewa ce." Ya ƙara murɗawa. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙaras."

Ta bar hinji biyu a jikin bango, da mage wadda yanzu take shiga yadda ta ga dama, da Wyson, wanda ya tafi neman ƙusa har yanzu shiru.

An shirya a jingine gawar a bakin shago, a toshe gefenta da ƙyallaye, ta yi gadin ƙarshe. In ƙudajen sun wuce, sai a saka katakonta a murhu, a ƙarƙashin tukunyar nsima, tuwonmu na masara, cikin girmamawa.

Amma ina kan rubuta layin nan na ji numfashi a bayana. Wata doguwar mata ce da jaka, ban ji shigowarta ba. Da marigayiya na nan, da ta faɗa mini.

"Ke ce telar? Ni ce gwaggon ango, daga Mzuzu. Ɗauko rigar mu fita rana, 'yata. Ba na duba leshi a duhu."

Ƙuda na farko yana zaune a kafaɗarta.

An ɗage jana'iza. Masu ta'aziyya su zo da zanin gado da guduma, kuma su zo da gudu.