Yadda Za Ka Rame a Ƙasar Waje Ba Tare da Ka Zubar da Mutuncinka Ba

Daren Talata na ji ƙarar. Ina waya da jikana Dogo, wanda ya tafi karatu ƙasar waje mako uku ke nan, sai wani gurnani ya taso daga cikin wayar, kamar ana jan tebur a kan siminti. Na ce, "Abokina, ko wannan ne jirgin ƙarƙashin ƙasan da ake faɗa?" Don na daɗe ina son jin kukansa.

Ya ce, "A'a, Kaka. Cikina ne."

To, kai mai shirin tafiya, matso kusa. Ni mai gyaran agogo ne, ban taɓa taka jirgin sama ba, amma dabarar nan ni na koyar da ita, kuma na ga aikinta da idona ta cikin waya. Ka bi matakan nan, ni na tsaya maka: kafin wata ya cika wandonka zai fara zamewa, amma babu ɗan Adam ɗin da zai kira ka makwaɗaici.

Mataki na 1: Ka tafi ba ka iya dafa ko ruwan zafi ba

Wannan tun daga gida ake fara shi. Ka bar uwarka da ƙannenka su yi ta ɗawainiya da kai har ranar tafiya. Idan ka isa, za ka tarar ana rufe ɗakin cin abincin makaranta tun rana ba ta faɗi ba, Asabar da Lahadi kuwa ko buɗe shi ba a yi.

Akwai kicin guda na mutum takwas a ƙarshen baranda. Ka shiga sau ɗaya, ka ɗora ƙwai, ka koma ɗaki ka manta. A jikin silin akwai wani farin abu mai kama da murfin kwano, ba shi da aiki sai shinshinar hayaƙi. Kwana biyu na yi ina tunanin abin nan: hanci ne zalla, babu fuska. Zai kwarma ihu, mutanen gidan kaf su fito waje cikin sanyi, wani da tawul, wani da kumfa a ka. Daga ranar kunya za ta raba ka da murhu. Madalla.

Mataki na 2: Ka samu maƙwabci mai hannun girki

Yunwa ba ta nuna sai da ƙamshi. Dogo ya yi sa'a, ɗakin da ke jikin nasa na wani ƙaton ɗalibi ne, shi ma baƙo daga wata ƙasar. Muna kiransa Mai Ludayi, don ko gaisawa zai yi da ludayi a hannu. A gidansu su goma ne, bai iya rage hannu ba, kullum tukunyarsa ta fi cikinsa. Ka nemi irinsa. Idan ƙamshin albasarsa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofarka, ka dace.

Mataki na 3: Ka ce ka ƙoshi

Nan ne zuciyar aikin. Tun Dogo yana ƙarami nake gaya masa: ɗan mutunci ba ya miƙa hannu a tayin farko. Na farko gaisuwa ce, na biyu gwaji, na uku shi ne abinci.

Ranar farko Mai Ludayi ya ƙwanƙwasa. "Na dafa kaza ta yi mini yawa. Za ka ci?"

Dogo ya dafa ƙirji. "Na gode, yanzun nan na ci."

"To," in ji Mai Ludayi, ya juya abinsa.

Dogo ya wanke hannu, ya gyara zama a bakin gado, ya kafa wa ƙofa ido. Da ya gaji ya kira ni.

"Kaka, bai dawo ba fa."

"Ka yi haƙuri. Ƙila faranti mai kyau ya je nemo maka."

"Ina jin sa yana wanke tukunya."

Ka riƙe wannan: a can tayi kamar agogon da ya tsaya a ƙarfe ɗaya ne, bugu guda yake yi ya yi shiru. Idan ka ce ka ƙoshi, sai su yarda. Mutane ne masu saurin gaskata mutum, Allah ya shirye su.

Mataki na 4: Ka nuna alama, kada ka buɗe baki

Roƙo haramun ne a gare ka, amma alama halal ce. Ka riƙa wucewa ta kicin da kofi babu komai a ciki. Ka buɗe firij ka daɗe kana kallo. Kada ka taɓa komai, don a can har madara tana da sunan mai ita a rubuce a goshinta. Sannan ka ja numfashi ka ce, "Kai, miyar nan ta yi ƙamshi!"

Dogo ya gwada. Mai Ludayi ya ji daɗi ƙwarai, har ya ajiye ludayi, ya ɗauko biro, ya rubuta masa yadda ake yin ta. Yanzu Dogo yana da irin takardun nan guda huɗu. Ya ce ta kifin ta fi daɗin karatu.

Mataki na 5: Ka rufe wa uwarka ido

Idan za ku yi wayar da ake ganin juna, ka saka riga biyu, ka riƙe wayar daga ƙasan haɓa don kumatu su cika.

"Dogo, me ka ci yau?"

"Kaza aka yi, Umma."

Ka lura, bai yi ƙarya ba. An yi.

Uwa dai uwa ce. Ta juyo ta dube ni. "Baba, kamar yaron nan ya faɗa."

Na ce, "Hasken can ne. Ranarsu ba ta da ƙarfi, kowa sirancewa yake a cikinta."

Ka tanadi dattijo irina a gefenta. Ba a musu da furfura.

Mataki na 6: Ka daure har a daina yi maka tayi

Ruwa ma yakan gaji da dukan dutse. Ka ci gaba da dafa ƙirji, wata rana za ka ji takun maƙwabcinka ya wuce ƙofarka bai tsaya ba. Zai kira waɗansu, su cika kicin, ka riƙa jin ƙarar cokula ta bango kana tsoma busasshen burodi a shayi. Wannan shi ne kammala karatu.

Shekaranjiya Dogo ya ce, "Kaka, yunwar ma da sauƙi. Dariyarsu ce ke hana ni karatu. Kwana uku ke nan ban yi magana da kowa ba sai kai."

Na ce masa mutunci madara ne. Ya ce ko madarar ce ma ya samu zai sha.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya ga jiri, ko ya faɗi jarrabawa, ko ya tattara kayansa ya dawo gida, babu ruwana, kada a zo mini shago. A zamanina tayi uku ne. Idan an rage, ni babu wanda ya aiko mini da takarda.

Jiya ma na kira Dogo da niyyar in ce masa wani abu. Na yi gyaran murya sau uku, maganar ta ƙi fita, don tsoho ba ya kwance tarbiyyarsa ta waya haka kawai. Muna cikin haka aka ƙwanƙwasa. Ya buɗe da wayar a hannu, na ga Mai Ludayi ya cika ƙofa, bai riƙo faranti ba. Ya yi magana a hankali da harshen da ba na ji, sannan ya tsaya yana jira.

Na ce, "Abokina, me ya ce?"

Dogo ya sunkuyo da bakinsa kusa da wayar.

"Cewa ya yi: gaya mini gaskiya, girkina ne kake ƙyama, ko ni?"