Rasuwar Randar Miyar Shagon Genzo

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yanzu bai huce ba, Tomie Kuramochi, mai gyaran kifi a kasuwar bakin tasha, tana sanar da mutanen unguwa rasuwar randar miya ta shagon taliyar tsoho Genzo, wanda ke bayan gidan wanka. Marigayiyar ta rasu ranar Litinin da hantsi, ranar hutun shago, tana da shekara arba'in da uku. Ba ciwo ta yi ba. Kashe ta aka yi.

Duk wanda ya taɓa zama a kujeru bakwai na shagon nan ya san ta, baƙa, ƙatuwa, a ƙarƙashin teburin girki. Tun da aka buɗe shagon ba a taɓa juye ta ba. Abin da aka ɗiba yau, gobe a ƙara a kai: ruwan waken suya, busasshen kifi, romon kaza, sabo ya hau tsoho. Ludayi ɗaya daga cikinta ake fara zubawa a kwano kafin romo da taliya. Ba ta da surutu. In ludayin katako ya taɓa bakinta ta ce "ƙwal", in ya nutse ta ce "ɓul", shi ke nan.

Shekara ashirin Kihachi, mijin Tomie, yana kawo wa randar nan busasshen kifi a kan kekensa. Yau shekararsa tara da rasuwa, amma kifinsa na cikin miyar, ko da ɗigo ne. Abin da ke kai Tomie shagon kullum da tsakar rana ke nan, kuma ba ta taɓa rage romo a kwano ba.

Wanda ya yi kisan Shuhei ne, ɗan Genzo, ƙato mai shekara arba'in da ɗaya, wanda ya dawo daga Tokyo da takardar makarantar girki ya riƙe shagon saboda an kwantar da ubansa za a yi masa aikin gwiwa. Ya leƙa randar, ya yatsine fuska, ya tuttular da ita a kwata. Ya bi ta da sabulu. Sannan, cikin wannan sanyin, ya sheƙa mata tafasasshen ruwa. Maganarta ta ƙarshe ita ce "tas".

Ranar Talata Tomie ta kurɓi romo sau ɗaya ta ajiye cokali.

"Kai Shuhei, me ya sami miyar nan?"

"Haba Goggo, kayan haɗin ai duk ɗaya ne, da sikeli na auna. Bakinki ne ya tsufa."

Ita da ta sha share masa majina a kan wannan kujerar! Sai da ta leƙa bayan shago ta ga gutsattsarin randar a bokitin shara. Ta kwaso su a ɗankwalinta.

Marigayiyar ta bar tsoho Genzo, wanda yake kwance a asibiti yana tambayar ko ana ƙara mata kifi, don matsoracin ɗansa bai faɗa masa ba. Ta bar ludayi, da marfin katako. Ta kuma bar 'ya ɗaya tilo: kwalbar da Genzo ke cika wa Tomie da miyar randar duk sabuwar shekara in zai rufe shago kwana uku. Saura rabi. Rabin nan ya isa a tayar da sabuwar randa, kuma Shuhei ya sani, shi ya sa jiya ya aiko da kwalin alewa. An mayar masa ba a buɗe ba. Sharaɗin Tomie shi ne ya je asibiti ya faɗa wa ubansa da bakinsa, sannan ya zo ƙofar shago ya durƙusa, goshi a ƙasa, ya janye maganar tsufan baki. Ba a neman komai bayan wannan.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe sha biyu na rana a cikin shagon. Kowane mai makoki ya sayi kwano ɗaya, kada ya taɓa romon, ya soke tsinkayen cin abincinsa a tsaye cikin taliya kamar yadda ake yi wa mamaci, ya fita. Za a binne gutsattsarin a gindin bishiyar da ke bayan gidan wanka. Kada a kawo furanni.

Kwalbar za ta halarci jana'izar uwarta a cikin jakar Tomie. In aka mayar da ƙasa Shuhei bai durƙusa ba, Tomie za ta koma gida, ta dafa taliyarta, ta juye rabin nan a kai, ta shanye da tsohon bakinta.