Yadda Za Ki Zama Gwanar Gawayi Bayan Rasuwar Mijinki

Ranar da aka aiko mini cewa motar gawayi ta kife da maigidana, abin da na sani game da gawayi bai wuce cewa baƙi ne ba. Yau ga ni a rumfarsa ana ce mini gwana. Bi matakan nan, 'yar'uwa, na yi miki alkawari ke ma za a ce miki.

1. Riga ƙanin mijinki zuwa rumfa

Zai zo ta'aziyya idonsa na kan buhuna. Zai ce, "Matar Yaya, ki huta. Ina mace ina sanin gawayi? Kawo makullin." Ki gode masa, ki ƙulle makullin a bakin zane. Hawayen kuwa taho da su rumfa, za a ɗauka ƙurar gawayi ce.

2. Ƙwanƙwasa

Marigayi yakan ɗauki guda biyu ya buga su kusa da kunne. Mai nauyi yana ƙara kamar ƙarfe, ya daɗe yana ci, wannan na maƙeri ne. Marar nauyi ya kama da wuri ya mutu da wuri, na mai sauri ne. Ni duk ɗaya nake jin su. Ba komai. Buga, ɗaure fuska, ki ce, "Uhm." Rabin gwaninta ke nan.

3. Kada ki ba mai guga gawayi mai tartsatsi

Ni na ba shi. Ya dawo yana ɗaga riga: "Baiwar Allah, dubi rigar mutane! Ta koma rariya!" Ki ce ai yanzu iska za ta fi shiga. Kuka kuwa, bari sai ya tafi ki yi shi a bayan buhuna.

4. Ranar gwaji

Ƙanin mijinki zai ji labarin rigar, ya zo da 'yan'uwa a tabbatar ba ki iya ba. Ƙanin nawa mijin da farar riga ya zo. Jawo buhun da ya fi gari, ki ce, "Ƙanina, zura hannu ka ware mini na maƙeri, in koya." Nawa ya dubi buhu, ya dubi rigarsa, ya tuna ana jiransa. Bai sake zancen makulli ba.

Gargaɗi

In riga ta ƙone, ko maƙeri ya zage ki, babu ruwana. Ni ma ban iya ba. Kullum da safe, kafin kowa ya zo, nakan buga guda biyu kusa da kunne. Har yau ba na bambancewa. Ƙarar hannun marigayi ce kawai nake so in ji.